Idan gini ya tsaya a bakin `#include`: yadda ake gano matsalar mai share fagen kwamfaila

Yawancin masu sauko da tushen manhaja su gina da kansu a nan Accra ba don sha'awa suke yi ba, dole ce. Wani tsohuwar rauta yake son ɗora wa OpenWrt, wato Linux na rauta, don ya riƙa sayar da intanet a layinsu a Mamobi. Wani ɗalibi ne a Legon, an ba shi manhajar lissafi da ta girme shi. Wani kuma kwamfuta ya sayo a Tip Toe Lane da ke Circle, ta ƙi ganin katin wayales ɗinta sai an gina mata direba. Hanyarsu ɗaya: `./configure`, sai `make`, sai allo ya cika da jan rubutu. Daga nan mutum ya kwafi layin ƙarshe ya zuba a Google, ya fara gwada duk umarnin da ya ci karo da shi.

Kaso mai tsoka na waɗannan kurakurai ba daga kod ɗin suke ba, ba kuma daga ainihin kwamfaila ba, wato manhajar da ke fassara kod zuwa abin da inji ke gudanarwa. Daga matakin da ke gabansa suke, wato mai share fage, wanda a duniyar GCC, kwamfailan da aka fi amfani da shi a Linux, ake kira `cpp`. Kuma wannan mataki ba ya ɓoye komai. Duk abin da ya yi za ka iya sa shi ya nuna maka, in ka san yadda ake tambayarsa.

Abin da kwamfaila ke karantawa ba shi aka rubuta ba

Umarnin `gcc` ayyuka huɗu yake haɗawa: share fage, fassara C zuwa harshen asembli, mayar da asembli lambobin inji, sannan linka ya ɗaure komai wuri guda. Mai share fage bai san C ba sam. Layukan da suka fara da `#` kawai yake bi. Ya ga `#include`, ya ɗauko fayil ɗin heda, wato fayil irin `stdio.h` da aka ambata a layin, gaba ɗaya ya liƙa a wurin. Ya ga `#define`, ya riƙe sunan, wanda ake kira makro, duk inda ya sake ganinsa ya musanya. Ya ga `#if` ko `#ifdef`, ya zaɓi reshe ɗaya ya zubar da ɗayan. Kamar yaron tela ne da ke yanka yadi kafin maigida ya hau keke: in ya yanka hannun riga gajere, a wurin ɗinki za a ga aibin, amma almakashi ne ya yi ɓarnar.

Akwai halinsa ɗaya da ya kamata ka riƙe tun yanzu. A cikin `#if`, duk sunan da bai sani ba sifili yake ɗaukarsa, ba tare da ya ce uffan ba. Saboda haka yana iya bin reshen da ba shi ba, kuskuren kuma sai ya fito can gaba a wani fayil daban, ko ma a wurin linka. Zaɓin `-Wundef` shi ke sa ya yi magana idan haka ta faru.

Fara da kuskure na farko, da cikakken umarnin da ya haife shi

Layin ƙarshe, irin `make: *** [all] Error 2`, ba ya gaya maka komai sai cewa an faɗi. In da `make -j8` ka gina, saƙonnin ayyuka takwas sun cakuɗe. Sake gudu da aiki ɗaya, ka ajiye komai a fayil:

```
make -j1 V=1 2>&1 | tee gini.log
grep -n -m3 "error" gini.log
```

`V=1` na manhajojin autotools ne da kanel ɗin Linux. CMake yana so `make VERBOSE=1`, Ninja `ninja -v`, OpenWrt kuma `make -j1 V=s`. Abin da kake nema shi ne dogon layin da ya fara da `gcc` ko `g++` ko `cc`, wanda ke sama da kuskuren farko, da duk `-I` da `-D` ɗinsa. Kwafe shi. Shiga foldar da `make` ya ce ya shiga, ka gudu da layin da hannunka. In kuskuren ya sake fitowa, ka kama shi ke nan, ba sai ka riƙa jiran gini na minti arba'in a kowane gwaji ba.

Tambayi kwamfailan wane ne shi

Kada ka yarda da suna. A kan Mac, `gcc` Clang ne na Apple, wani kwamfaila daban. A wasu injuna `cc` da `gcc` sigogi daban suke nunawa.

```
gcc --version
ldd --version
gcc -dM -E - < /dev/null | sort > makro.txt
grep -E "__GNUC|__clang|__STDC_VERSION__|linux" makro.txt
```

Na biyun sigar glibc yake nunawa, wato babban laburaren C na Linux mai hedoji irin `stdio.h`, kuma za ka ga ta fi sigar kwamfaila yawan jawo rigima. Na ukun yana zubo duk makro ɗin da kwamfaila ya zo da su tun kafin ya buɗe fayil ko ɗaya. Don C++ sai `g++ -x c++ -dM -E - < /dev/null`, ka duba `__cplusplus`.

A nan ake ganin wasu abubuwan ban mamaki. Clang yana cewa `__GNUC__` ɗinsa 4 ne, ƙaramar siga 2, wato yana kwaikwayon GCC 4.2.1 komai sabuntarsa. Manhajar da ke cewa "sai GCC 4.8 ko sama" za ta kore shi, ko da na bana ne. Sannan akwai tsohon gwajin nan da ya cika tsofaffin manhajoji:

```
#if __GNUC__ >= 4 && __GNUC_MINOR__ >= 6
```

Marubucin yana nufin 4.6 zuwa sama. Amma GCC 13.2 ƙaramar sigarsa 2 ce, sai gwajin ya ce ya tsufa. Gyaransa `#if __GNUC__ > 4 || (__GNUC__ == 4 && __GNUC_MINOR__ >= 6)`. Tsohon kanel da tsohon U-Boot, waɗanda masu taɓa rauta da akwatin talabijin ke cin karo da su, nasu ya fi haka: suna haɗa sunan heda daga lambar sigar, sai ka ga `linux/compiler-gcc5.h: No such file or directory` ko mai wata lambar. Ba wani kunshi da za ka sauko ya ba ka wannan fayil. A cikin tushen ya kamata ya kasance, kuma lokacin da aka rubuta tushen ba a haifi kwamfailanka ba.

Buɗe abin da ya fito daga hannunsa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa. Ɗauki dogon layin da ka kwafa, ka cire `-c` da `-o wani.o`, ka sa `-E -o fita.i`. Ko ka bar shi yadda yake ka ƙara `-save-temps`. Fayil mai `.i`, ko `.ii` a C++, shi ne ainihin abin da kwamfaila ya karanta. Dogo ne, don `stdio.h` kaɗai ɗaruruwan layuka yake jawowa. Kada ya tsorata ka. Je ƙarshensa, ko ka nemi sunan aikin da kuskuren ya ambata.

Za ka ga layuka irin `# 55 "c-stack.c"` ko `# 1 "/usr/include/signal.h" 1 3`. Alamomin hanya ne: lambar layi, sunan fayil, sai 1 in an shiga sabon fayil, 2 in an dawo, 3 in hedar ta tsarin injin ce. In ka sa `-dD` tare da `-E`, za a bar maka kowane `#define` a inda aka yi shi, sai ka ga fayil ɗin da ya fara ƙirƙirar makron da ke damunka.

Misali mai sauƙi. Layin `int linux = 0;` lafiyayyen C ne, amma GCC zai ce `expected identifier or '(' before numeric constant`. Ka zauna kana kallon layin har gari ya waye ba za ka ga aibu ba. A `fita.i` kuwa abin da ke wurin shi ne `int 1 = 0;`, domin a yanayin GNU kalmomin `linux` da `unix` makro ne masu darajar 1. `-Ulinux` ya kashe maganar.

Ga wanda ya fi shi nauyi. Wani yaro da ke gyaran waya a Nima ya kawo min kwamfutarsa bayan la'asar, Ubuntu 22.04 ce a kai, yana gina tsohon reshen OpenWrt saboda rautarsa ƙaramin ƙwaƙwalwa gare ta, sabon ba ya shiga. Ya ce, "Yaya, tun jiya a nan yake tsayawa, na sake sauko da GCC ma bai canza ba." Saƙon shi ne:

```
c-stack.c:55:26: error: missing binary operator before token "("
```

Fayil ɗin na m4 1.4.18 ne, ɗaya daga kayan aikin da OpenWrt ke fara ginawa. Muka buɗe layi na 55:

```
#elif HAVE_LIBSIGSEGV && SIGSTKSZ < 16384
```

Na ce masa, "Ƙanena, ina baka-biyun da yake kuka da ita?" Babu ko ɗaya a layin. To daga ina ta fito? Sai muka tambaya:

```
echo '#include <signal.h>' | gcc -D_GNU_SOURCE -dM -E - | grep "define SIGSTKSZ"
```

Amsa: `#define SIGSTKSZ sysconf (_SC_SIGSTKSZ)`. Da can `SIGSTKSZ` lamba ce tsayayya. Daga glibc 2.34 na 2021 ta koma kiran aiki, saboda sababbin furosesa suna buƙatar wurin ajiya da girmansa ba ya sanuwa sai shiri yana gudu. Mai share fage ba ya iya kiran aiki. Ya ga `sysconf`, bai san shi ba, ya mai da shi 0, sai ya ga `(` a bayan sifili, ya ce ina alamar lissafin da ke tsakani. Ubuntu 22.04 glibc 2.35 take ɗauke da shi, 20.04 kuma 2.31, shi ya sa ginin ke wucewa a injin abokinsa mai 20.04. GCC bai da hannu, don haka sake sauko da shi asarar data ce kawai. Maganin shi ne m4 1.4.19, ko facin da ya cire wannan gwaji.

Wannan m4 ɗin dai ya taɓa faɗuwa tun a glibc 2.28 na 2018, da saƙon `Please port gnulib freadahead.c to your platform!`. A sigar ce kuma `major`, `minor` da `makedev` suka bar `sys/types.h`, sai ka ƙara `#include <sys/sysmacros.h>`. A 2.32 aka cire `sys/sysctl.h`, aka kuma sallami tsohon RPC, don haka in an rasa `rpc/rpc.h` sai `libtirpc-dev` da `-I/usr/include/tirpc`, da `-ltirpc` wurin linka.

Idan tun a `configure` aka tsaya

```
configure: error: C preprocessor "/lib/cpp" fails sanity check
```

Wannan saƙo yana ɓatar da mutane. Sai su tafi neman `/lib/cpp`, har wasu su ƙirƙira masa mahaɗi da hannu. Ba a nan gizo ke saƙa ba. `configure` yana gwada `gcc -E` da farko, sannan wasu hanyoyin, `/lib/cpp` shi ne na ƙarshe a layi, shi ya sa sunansa ke fitowa. Ainihin dalilin yana cikin `config.log`. Kada ka karanta ƙarshen fayil ɗin, jerin darajoji ne kawai. Nemi `checking how to run the C preprocessor` ka karanta abin da ke biye.

In ka ga `cannot execute 'cc1plus'`, babu kwamfailan C++ a injin. In ka ga `linux/limits.h: No such file or directory`, hedojin kanel ne babu. A Debian da Ubuntu `sudo apt install build-essential` yana kawo duka biyun. A Fedora `gcc-c++`, `glibc-devel` da `kernel-headers`. A Alpine `build-base` da `linux-headers`. Kukan rashin `ac_nonexistent.h` kuwa ka wuce shi. Da gangan ake neman fayil ɗin da babu, don a tabbatar mai share fage yana iya cewa babu.

Sai ruɗanin suna, wanda ke kama har ƙwararru. `CPP` da `CPPFLAGS` ba na C++ ba ne, na mai share fage ne. Na C++ su ne `CXX` da `CXXFLAGS`. Wanda ya rubuta `CPP=g++` ya karya `configure` da hannunsa. Duba `env | grep -E "^(CC|CXX|CPP|C.*FLAGS|CPATH|.*INCLUDE_PATH)"` ko akwai abin da aka bari a `.bashrc` tun wani aikin da aka manta, musamman in kwamfutar ta hannu ce ba ka goge ta ba. Ka'idar rabon ita ce `-I`, `-D` da `-U` su tafi `CPPFLAGS`, `-O2` da `-g` su tafi `CFLAGS`, `-L` kuma `LDFLAGS`:

```
./configure CPPFLAGS="-I/opt/kaya/include" LDFLAGS="-L/opt/kaya/lib"
```

In ka sa `-I` a `CFLAGS`, tsofaffin `configure` za su ce `accepted by the compiler, rejected by the preprocessor!`, domin gwajin share fage ba ya duba `CFLAGS`.

Mafi sharrin matsalolin `configure` ita ce wadda ba ta tsayar da shi. GCC 14 na 2024, da Clang 16 kafin shi, sun daina yafe kiran aikin da ba a gabatar ba. Tsofaffin `configure` cike suke da ƙananan gwaje-gwaje masu irin wannan sakaci. Gwajin ya faɗi, `configure` ya ɗauka injinka ba shi da wannan aiki, ya rubuta `/* #undef HAVE_WANI_ABU */` a `config.h`, ya wuce abinsa. Daga baya mai share fage ya bi reshen da aka tanada don injunan shekarun 1990, manhajar ta kawo nata `strdup` ko `malloc`, su yi karo da na glibc: `conflicting types for`. In ka ga haka, buɗe `config.h` ka karanta. Duk inda aka ce Linux ɗinka ba shi da `stdlib.h` ko `string.h`, ƙarya ce, ka koma `config.log` ka ga abin da ya kayar da gwajin. Fedora 40 da Debian 13 da GCC 14 suka zo. Samarinmu masu son Kali Linux su ma su sani, kullum sabunta kwamfailansu ake yi, injin koyon tsaro ne, ban ga dalilin mai da shi wurin gina tsohon kaya ba.

Wace heda aka ɗauko, daga ina?

```
gcc -v -E -x c /dev/null
```

Tsakanin `#include <...> search starts here:` da `End of search list.` za ka ga foldojin da ake bi, a jere. Wanda aka fara samu shi ake ɗauka. Ƙara `-H` a dogon layinka, za a jero kowace heda da cikakkiyar hanyarta. Abin da aka fi kamawa a nan shi ne tsohuwar siga a `/usr/local/include`, ragowar wani `sudo make install` na bara, tana shan gaban ta `/usr/include`. Na biyu shi ne Anaconda, kunshin kayan Python, da ta cusa nata kayan a hanya.

Akwai kuma `fatal error: stdlib.h: No such file or directory` alhali ga fayil ɗin kana gani. Daga GCC 6 hedar `cstdlib` tana amfani da `#include_next`, wato ci gaba da nema daga folda ta gaba. In tsarin ginin ya sa `-isystem /usr/include`, foldar ta dawo gaban layi, babu sauran inda za a ci gaba. Cire zaɓin.

A C++ sababbin GCC suna rage hedojin da ke jawo juna. GCC 11 ya fallasa masu amfani da `std::numeric_limits` ba tare da `<limits>` ba, GCC 13 kuma masu `uint8_t` ba `<cstdint>`. Ƙara layin da ya ɓace shi ne daidai. In fayilolin sun yi yawa, `CXXFLAGS="-include cstdint"` zai fisshe ka na yau.

Ma'aunin harshe

Tushen da bai faɗi ma'aunin da yake so ba, abin da kwamfaila ya ga dama yake samu, kuma wannan yana sauyawa. A C, GCC 5 na 2015 ya tashi daga gnu89 zuwa gnu11, GCC 8 ya koma gnu17, GCC 15 na 2025 ya koma gnu23. A C++, GCC 6 ya koma gnu++14, GCC 11 gnu++17. A gnu23 `bool`, `true` da `false` sun zama kalmomin harshe, don haka `typedef int bool;` da ke cikin dubban tsofaffin manhajoji ya zama kuskure. A C++11 zuwa sama, `"%"PRIu64` ba tazara yana jawo ƙorafi, sai an rubuta `"%" PRIu64`.

Gwada ma'aunin zamanin da aka rubuta manhajar. Ni na fi son sa shi a cikin `CC`, don gwajin share fage ma ya gan shi:

```
./configure CC="gcc -std=gnu17"
```

Kula da bambancin `-std=c99` da `-std=gnu99`. Na farkon yana sa glibc ya ɓoye duk abin da ba ya cikin tsantsar ma'auni, sai `strdup`, `M_PI` da `usleep` su ɓace. Ko ka koma `gnu99`, ko ka buɗe su da `-D_DEFAULT_SOURCE` ko `-D_GNU_SOURCE`. In a cikin fayil za ka rubuta `#define _GNU_SOURCE`, dole ya zo kafin `#include` na farko, in ba haka ba aikin banza ne.

`"_FORTIFY_SOURCE" redefined` gargaɗi ne kawai, GCC na Ubuntu yana kunna shi da kansa. `-Werror` ne ke mai da shi kuskure. Sa `-U_FORTIFY_SOURCE` kafin `-D_FORTIFY_SOURCE` ɗin da manhajar ke sawa, ko ka nemi `--disable-werror`.

Manhajojin da ke karanta fitar `cpp` da kansu

Wasu ba kwamfaila suke miƙa wa sakamakon ba, rubutun `sed` ko `awk` ne ke tsintar abu a ciki. ncurses 5.9 shi ne sanannen misali. GCC 5 ya fara saka alamomin hanya a tsakiyar layi idan makron ya fito daga hedar tsari. Kwamfaila bai damu ba, amma `MKlib_gen.sh` ya ruɗe, ya haifi fayil ɗin C a karye, sai `expected ')' before 'int'` a wajen `mouse_trafo`. `CPPFLAGS="-P"` yana hana alamomin. Alamar wannan iyalin matsala ita ce fayil ɗin da ke kuka ba ya cikin abin da ka sauko, a lokacin gini aka ƙirƙire shi. Kada ka gyara shi, za a sake haifarsa. Nemi wanda ya haife shi a `Makefile`.

Windows, Mac da Alpine a gurguje

Kwamfailan Microsoft yana barin `__cplusplus` a 199711L sai an ba shi `/Zc:__cplusplus`, kuma tsohon mai share fagensa yana ɗaukar `__VA_ARGS__` dunƙule guda sai da `/Zc:preprocessor`. `windows.h` yana da makro `min` da `max` masu lalata `std::min`, maganinsu `NOMINMAX`. `/P` shi ne madadin `-E`. Mac ba shi da `/usr/include` yanzu, `export SDKROOT=$(xcrun --show-sdk-path)`. Mac da Windows ba sa bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, don haka fayil mai suna `VERSION` a tushen manhaja yana iya shiga madadin hedar `<version>` ta C++20. Masu WSL, wato Linux a cikin Windows, su yi gini a foldar gida ta Linux, ba a `/mnt/c` ba. Alpine kuwa musl yake amfani da shi a madadin glibc, babu `__GLIBC__`, babu `execinfo.h`.

Abubuwa biyu na gida

`stray '\302' in program` ko `'\342'` ba na kwamfaila ba ne. Kod ne da ya bi ta WhatsApp ko Word, tazara ko alamar zance ta sauya kama. `grep -nP '[^\x00-\x7F]' fayil.c` zai nuna layin. In kuma `configure` ya ce `/bin/sh^M: bad interpreter`, fayil ɗin ta Windows ya biyo a filasha, `dos2unix` ya wanke shi.

Na biyu dumsor. In wuta ta ɗauke ana tsakar gini a kwamfutar tebur, ko a laftof mai mataccen batir, ana iya barin `config.h` ko wata hedar da ake ƙirƙira rabi, ko wayam. `make` kwanan wata yake dubawa, ya ga sabuwa ce, ya wuce. Sai ka ga `unterminated #ifndef`, ko makro da yawa su ɓace lokaci guda. `find . -name "*.h" -size 0` yana tono wayam ɗin. Ko ba wuta, duk lokacin da ka sauya kwamfaila ko zaɓi, share tsohon sakamako: `make distclean`, goge `config.cache`, a CMake goge foldar ginin ɗungurungum don `CMakeCache.txt` yana riƙe kwamfailan farko. In ba haka ba za ka yi gyara daidai ka ga kamar bai ci ba.

Wane gyara za ka zaɓa

Sabuwar sigar manhajar ita ce ta farko, in akwai. In dole sai tsohuwar, duba facin da Debian, Gentoo, Alpine ko Buildroot suka riga suka yi mata, don da wuya ka zama na farkon da ya faɗa ramin. A sa shi da `patch -p1 < gyara.patch`. Bayan haka zaɓin layin umarni. Bayan haka tsohon kwamfaila a gefe, `sudo apt install gcc-11 g++-11` sannan `CC=gcc-11 CXX=g++-11`, ba tare da taɓa `/usr/bin/gcc` ba. Amma ka tuna da yaron rauta: in hedojin glibc ne suka sauya, tsohon GCC ba zai yi komai ba. Nan sai kwantenar Docker, wato tsohon Linux a keɓe cikin injinka, `docker run -it -v "$PWD":/aiki ubuntu:20.04`, ka gina a ciki. Zai ci data, don kayan gini duka sabo za ka sauko, gara ka bari sai ka samu wayafai ko bandil ɗin dare, ka kuma ajiye hoton da `docker commit` don kada ka biya sau biyu.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne gyara fayil a `/usr/include`, ko sauke sigar glibc ta injin. Na farkon zai lalata ginin wata manhajar wata uku nan gaba lokacin da ka manta ka taɓa, sabuntawa kuma za ta goge shi. Na biyun yana iya hana injin tashi gaba ɗaya. Goge layin `#error` ma a yi hattara: wani mutum ne ya rubuta shi da gangan, karanta `#if` da ke samansa tukuna ka ga sharaɗin da bai cika ba.

In duk ka bi ba ta ɓulle ba, kana son tambayar na gaba da kai ko masu manhajar, kada ka tura hoton allo da ka ɗauka da waya. Tura rubutu: sunan manhajar da sigarta, sakamakon `gcc --version` da `ldd --version`, abin da `cat /etc/os-release` ya nuna, cikakken layin da ya faɗi, kuskure na farko da layuka goma na samansa, da `config.log` in a can aka tsaya. In kana zargin kwamfailan ne da kansa, haɗa da fayil ɗin `.i`, shi masu GCC ke nema don su maimaita matsalar a injinsu ba tare da hedojinka ba. Matse shi da `gzip` kafin ka tura, ka kuma leƙa ciki tukuna in kod ɗin na wurin aikinka ne, don duk abin da ke cikin hedojinku yana ciki.